Ranar da Yaya Ya Ce "Nawa Ne"

Da kakar bana shekara ashirin da tara ke nan da muka kai Yaya makwancinsa. Na ce Yaya, amma ba ciki ɗaya muka fito ba. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubasai, kuma ya girme ni da fiye da shekara goma. A ƙa'idar wasanmu ni ne ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, ko da yake gemunsa ya yi furfura nawa bai gama fitowa ba. A gaban mutane nakan durƙusa in gaishe shi. In muka rage mu biyu kuwa, babu irin maganar da ba na yaɓa masa, shi kuma sai ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ni. Yanzu na zarce shekarun da ya yi a duniya, boko ma da tsufa na koye shi a ajin manya, to mai karatu ya yi haƙuri da rubutun tsoho. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tafiya da na yi ƙauyenmu bayan ruwa ya ɗauke. Giginyun da Yaya ya shuka na je dubawa, ina tsoron kututture zan tarar.

Ƙauyen namu yana tsakanin Dutse da Kiyawa. Gabas da shi akwai wani rafi da ba ya kai rani, kuma a bakinsa burtali yake saukowa mashaya. Wurin ba gonar kowa ba ne, don haka ba mai kula da shi. Kowace damina ruwa ya gutsiri gaɓa ya wuce da ita, gangaren yana ƙara zurfi, shanu suna zamewa, mata masu zuwa kasuwa suna tattare zane suna neman inda za su tsallaka. Akwai wasu tsofaffin giginyu 'yan kaɗan a wurin, tun na kakanni, kuma Yaya ya lura cewa inda suke tsaye ƙasa ba ta tafiya. Tun yana saurayi, kafin Turawa su shigo ƙasar, ya fara tsintar ƙwallayen giginya yana binnewa a gaɓar.

Wanda ya san mutanenmu ya san wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Mu in mun binne ƙwallon giginya, muruci muke nema: ya tsiro, a tone, a dafa, a ci. Babu wanda ke binne shi don ya zama itace. Yaya ya san halinmu, sai ya ƙi tara su rami ɗaya yadda masu muruci suke yi. Ɗaya a nan, ɗaya can da nisa, ta yadda duk wanda ya ɗauko fartanya saboda muruci guda shi da kansa zai ji kunya. Na sha gaya masa ban taɓa ganin wanda ke binne abinci ya koma gida da yunwa ba sai shi. Ya ce in jira. Na ce har yaushe? Ya ce in tambayi jikokina. Ba ƙarya ya yi ba, don giginya ba ta san gaggawa ba. Takan yi shekaru tana 'yan ganye a ƙasa, daidai bakin akuya, kafin ta ga damar miƙewa.

Da tsiron ya yi yawa, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kowanne yana son a kewaye shi da ƙaya, kuma bayan kaka sai an share ciyawar gefe kafin masu farauta su cinna wa daji wuta. Sai Yaya ya kira gayya. To, gayya kowa ya san ta: mai gona ya kira, matan gidansa su tuƙa tuwo, makaɗi ya zo, a yi aiki a ci a watse. Wannan ba gona, ba mai gona, saboda haka ba tuwo. Kowa ya zo da 'yar furarsa a gora, ya yi aikinsa ya koma. Mutanen gari suka sa mata suna gayyar ba-tuwo, da farko don ba'a, daga baya ya zama sunanta kawai. Shekarar farko 'yan uwa ne kaɗai suka fito, su ma don kunya. Sannu a hankali aka ƙaru. Ardo na rugar da ke bayan rafin, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya hana yaransa sakin shanu ta wajen tsiron, kuma in sun sare ƙaya don garkensu sai su jawo wata su ajiye mana a bakin burtali. Ni ma ina zuwa, kodayake waɗanda suka san ni za su shaida bakina ya fi hannuna aiki.

Doka ɗaya ce Yaya ya kafa, kuma a kanta ba ya wasa ko da ni. Kada kowa ya ce nawa, kada a ce namu. In baƙo ya tambaya na wa ne, a ce na Allah ne. Dalilinsa biyu. Na farko, malaminsa na allo ya karantar da shi cewa sadakar da aka yi ta nunawa da yatsa ladanta yakan zube, shi kuma abin da yake tarawa ke nan, don ba shi da shanu ba shi da rumbu biyu. Na biyu, ya ce abin da ke da mai shi katanga ake yi masa, a sayar, a gada, a yi shari'a a kansa, kuma Bafulatani ba zai kore saniyarsa daga ciyawa don dukiyar wani ba. Mun ji mun bi. Har ya zama yaro ƙarami in ka tambaye shi, amsar tana bakinsa kafin ka rufe naka.

Haka aka yi shekara da shekaru. Turawa suka zo suka zauna, aka saba da ganinsu daga nesa, giginyun suka miƙe suka wuce tsawon soro, matan cikinsu suka fara zubar da 'ya'ya. Gaɓar ta tsaya. Masu saƙa suna yankar ganye, yara suna tsintar 'ya'ya da sassafe, fatake suna sauke kaya su yi azahar a wurin. Ba wanda ke neman izinin kowa.

Sai zamanin gine-gine ya zo. Ana yin bariki, ana yin gadoji a kan sabuwar hanya, kuma duk abin da za a gina azara yake so, azara kuwa ba kamar ta giginya, wadda gara ke ganinta ta haƙura. Wata rana da rani aka ga wani malami daga birni a kan doki, da dogari a bayansa, aka ce aikinsa duba itatuwa. Umarnin da ya zo da shi mai sauƙi ne: itacen da ke da mai shi a bar wa mai shi, wanda ba shi da mai shi na hukuma ne. Ban ga laifin mutumin ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Ya yi sallama, ya sauka daga doki, ya tambayi wani tsoho da ya tarar yana alwala, giginyun nan na wa ne. Tsoho ya ce na Allah ne. Malamin ya yi dariya ya ce ai mu duka na Allah ne, amma a nan duniya fa? Tsoho ya ce ba na kowa ba ne. Malamin ya tambayi wata mata mai tsintar 'ya'ya, ita ma haka. Ya tambayi makiyayi, haka. Kowa ya ba shi amsar da muka yi shekaru muna koya wa juna, kuma kowa ya koma gida yana jin ya kyauta. Kafin la'asar dogarin ya bi giginyun ɗaya bayan ɗaya ya shafa musu farar ƙasa a ƙugu.

Ko da muka ga farin ba mu gane ba. Wasu ma cewa suka yi ado ne, wataƙila wani babban Bature ne zai wuce. Sai da dagaci ya tara mu ya ce masu tsagar azara za su iso bayan Sallah, kuma duk itacen da ke da fari a jikinsa ƙasa zai zo. Na juya na dubi Yaya. Na ga ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai jin jiri.

Aka shiga shawara. Wani ya ce a je a ce na gari ne. Dagaci ya ce abin gari ai na sarauta ne, abin sarauta kuma shi ne ake cewa na hukuma, an koma inda aka fito. Wani ya ce a kankare farin, aka ce masa ya kankare ya ga inda zai kwana. Hanya ɗaya dagacin ya nuna: mutum guda, mai suna da uba, ya je gaban alƙali a Dutse ya ce shi ya shuka, nasa ne, ya kawo shaidu, in an nemi rantsuwa ya rantse. Duk aka juya ana kallon Yaya, shi kuma yana kallon ƙasa. Da aka matsa masa sai ya ce ba zai iya ba, harshensa ba zai juya ya faɗi wannan kalma ba. Ya ce ya riga ya ba Allah, ba zai je ya karɓo ba.

Ni da na ga wuri ya yi tsit, sai na ce to abin ai ya zo da sauƙi. Tunda Yaya bawana ne, duk abin da ya shuka nawa ne, ni zan je in faɗa. Aka yi dariya, har dagaci. Amma liman ya ce in an miƙo mini Alƙur'ani fa? Na ce a nan kam wasa ya ƙare. Taron ya watse ba a tsayar da komai ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Sallah tana matsowa. Liman ya sami Yaya ya ce ba a sadaka da abin da ba naka ba, tunda ka ce ka bayar, ai ka yarda naka ne. Yaya ya ce ya ji, amma bai motsa ba. Ardo ya tako da sandarsa har ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna ya daɗe, sannan ya ce shanunsa sun yi shekaru suna zagaye mai nisa don itatuwan nan, yana so ya san ko zagayen banza suka yi. Yaya ya raka shi har bakin gari, ya dawo ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da babba ba zai iya faɗa wa mutum ba taubashi yana iyawa. Na same shi da hantsi a gindin ɗaya daga cikin giginyun, yana cire ciyawa a jikin ƙaya kamar ba abin da ke tafe. Ban gaishe shi ba ma.

Na ce, "Yaya, ashe duk shekarun nan ba giginya kake shukawa ba, ladanka kake binnewa. Yanzu an ce ka zaɓa, ka zaɓi naka. Ban taɓa ganin marowaci irinka ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na jira ya ce Allah ya shirye ni, bai ce ba. Ya kalli farin da ke jikin itacen, sannan ya ce, "In na faɗa, ba zai sake zama yadda yake ba."

Na ce, "In ba ka faɗa ba, ba zai zama komai ba."

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a muka kama hanyar Dutse, da liman da Ardo da wasu dattawa biyu. Da muka shiga tsakanin duwatsu na gwada tsokanarsa, ya yi kamar bai ji ba. A gaban alƙali kuwa muryarsa ta shige, sai da aka ce ya maimaita. Ya fara da cewa hannaye da yawa ne suka yi aikin, ba shi kaɗai ba, na ce a raina shi ke nan zai ɓata. Alƙalin dattijo ne da ya san ƙauye, ya tambaya wane irin aiki ne. Aka ce gayya. Ya ce wa ya kira ta? Shaidu suka nuna Yaya. Ya ce to a ƙasar nan an taɓa jin 'yan gayya sun raba amfanin gona da wanda ya kira su? Aka ce a'a. Sai ya dubi Yaya ya ce yana so ya ji daga bakinsa.

Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na shuka. Nawa ne."

Ya yi alwala ya rantse. Ban ji daɗin nasarar da na yi a kansa ba ko kaɗan.

Ba duka aka tsira da su ba. Tsofaffin nan na kakanni, waɗanda ya tarar a tsaye, bai yarda ya haɗa su cikin rantsuwarsa ba, don ba shi ya shuka su ba. Bayan Sallah masu tsaga suka zo suka kayar da su, muna jin faɗuwarsu daga cikin gari. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, aka bar su, damina ta zo ta wanke farin.

Amma abin da ya faɗa mini a gindin itacen ya tabbata. Kafin shekara ta zagayo an liƙa wa wurin sunansa. Fatake suna cewa mu haɗu a giginyun wane. Mata suka fara tsayawa a ƙofar gidansa suna neman izinin tsintar 'ya'ya, wasu su kawo masa kaso a ƙwarya, shi kuma ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da kaka ta zo ya kira gayya, wani ya ce cikin raha, tunda yanzu akwai mai shi, ina tuwo? Raha ce, amma mutane sun ragu. Dole matarsa ta ɗora tukunya, tana tuƙi tana mita, cewa ita ba ta taɓa ganin gonar da ake ciyar da ita ba ta ciyar da kowa ba. Ya je wurin dagaci ya ce yana so ya sake su a bainar jama'a. Dagaci ya ce ya sake su, wani malamin ya zo da wata farar ƙasar. Haka ya riƙe su har ƙarshen ransa, yana cewa nawa ne in hukuma ta tambaya, yana kau da kai in talaka ya faɗa. Ranar kasuwa ma ya daina bi ta mashayar, don kada a gaishe shi da mai giginya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je duba shi da rana, na tarar an fito da shi inuwar zaure. Na ce bawa ba ya mutuwa sai da izinin ubangidansa, kuma ban bayar ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce abu biyu ne ke damunsa. Tunda ya rantse nasa ne, gado ne ke nan, 'ya'yansa za su raba, kuma wanda ya gaji itace gatari yake gani. Na biyu kuma sunan nan da ya manne wa wurin. Ya ce bai sani ba ko akwai sauran abin da zai tarar a can, bayan duk wanda ya sha inuwar shi yake yi wa godiya. Na ce Allah ba ya ruɗewa da suna. Ya ce ya sani, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da wannan ya tafi, kuma da wannan ya bar ni, ni da na tura shi Dutse.

Ba da daɗewa ba neman abinci ya kai ni Taura, cinikin gyaɗa a kusa da tashar jirgi, na zauna can na yi iyali. Nakan je gida gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure, amma ta yamma nake shiga, ta yamma nake fita. Shekarun nan kowa ya sami kuɗin gyaɗa soro yake ginawa, azara ta yi daraja, na san dillalanta suna yawo ƙauye-ƙauye. Ban taɓa tambayar kowa labarin giginyun ba, kuma in hira ta nufi can sai in tashi in ce zan yi alwala. Tsoro ne kawai. Na fi son in zauna ban sani ba.

Nakan yi tunanin me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Turawan da suka nemi azarar sun tafi. Masu hali sun koma rufin kwano, wanda na tabbata zai sa wa albarka duk da zafinsa, tunda kowane kwano giginya guda ya ceta. Amma zai ga motocin itace suna fita daga dajin da muka sani, a cike har suna rangaji, zai tambaya wa ke binne wani abu a madadinsu. Zai ji a rediyo ana roƙon mutane su dasa itace, abin da aka yi masa dariya a kansa. Abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake dashen yanzu: babban mutum ya zo da babbar riga, a riƙe masa hannun riga, ya saka tsiro a rami, mai hoto ya ɗauka, a kafa allo da sunansa. Bayan wata biyu akuya ta cinye tsiron, allon yana nan. Ina jin ƙaya kawai zai je nema.

Bana jikata ta haihu a ƙauyen, aka ce lalle in zo suna. Na ce a raina, tsoho, ba ka da tabbacin wata kakar, je ka gani ko me ne ne. Bayan an watse na ɗauki sandata na fita ta gabas ni kaɗai. Tun kafin in fita daga gonaki na hango kawunan giginyun. Na tsaya na goge ido na sake dubawa, don idon nawa yanzu yakan yi mini ƙarya. Suna nan. Sun yi tsawon da sai na riƙe hulata kafin in ga ƙarshensu, sun yi ciki a tsakiya irin na manyan giginyu, kuma a ƙarƙashinsu ga ƙanana birjik da suka fito daga 'ya'yan da suka zube. Wasu ƙananan an kewaye su da ƙaya, sabuwa, ganyenta bai gama bushewa ba. Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala, hawaye yana bin gemuna, ban damu da wanda zai gani ba.

Daga baya na tambayi babban ɗan Yaya, wanda shi ma yanzu dattijo ne, yadda aka yi. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ba wani abin kirki suka yi ba. Da aka zo rabon gado an raba gona da awaki lafiya, da aka zo kan giginyu aka rasa yadda za a yi, don maza azara ne, mata 'ya'ya, ba a san wanne ya fi wanne ba. Aka ce a bari sai an huce. Dillalai sun zo ba sau ɗaya ba, kuma ya ce kowannensu ya yi sha'awa a ransa, amma ba wanda ya iya zama na farkon da za a gani da gatari a wurin. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Ana haka har ƙannensa biyu suka rasu, jikoki kuma ba su ma san akwai wani rabo da ya rage ba. Na tambaye shi wa ke sa ƙayar. Ya ce wallahi bai sani ba, yakan dai gan ta.

To, abu na farko da ya dami Yaya ke nan, kunya da jan ƙafa sun tsare masa shi, abin da wasiyya ba lalle ta iya ba. Ba shi da kabarin da za a nuna, don damuna ta daɗe da shafe shi. Gidansa an rushe an sake gini. Waɗanda suka san muryarsa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kuma muna kan hanya. Abin da ya rage shi ne gaɓar da ba ta tafi ba, da wani hannu da ban sani ba wanda ke jawo ƙaya.

Na biyun kuwa a ranar da na je na sami amsarsa, tun ina zaune a ƙasa. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta kusa da ni, matashiya, da goyo a bayanta. Ta ga tsoho yana share ido, ta ce Baba lafiya? Na ce lafiya lau, rana ce. Na ce ta zuba mini nono, ina sha na tambaye ta yaya ake kiran wurin nan. Ta ce Giginyu. Na ce giginyun wa? Ta ce Giginyu dai, haka kowa ke cewa. Na ce to wa ya shuka su?

Ta dube ni ta yi dariya har goyon ya farka. Ta ce, "Baba, ana shuka giginya ne? Ai fitowa take yi."

Sunan ya zo mini har kan harshe, da na mahaifinsa, da labarin Dutse gaba ɗaya. Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba. Na haɗiye shi tare da nonon, kamar yadda na hana alƙalamin nan rubuta shi tun daga farkon takarda. Na ce mata gaskiyarki, 'yata, tsufa ne. Sannan na miƙa mata ƙoƙon na ce ta ƙara mini.